Ɗigon da Na Toshe

Shekarar da mahaifiyata ta rasu, da ƙyar na raba Baba da ƙauyenmu Kona. Shi kaɗai ya rage a gidan, ga gwiwoyi sun ƙi, yatsunsa kuwa da ɗari ya shigo sai su ƙandare. Na ce ya dawo Tasawa wurina, ya ce a'a. Ni ne ɗansa na fari, ko sunana ba ya kamawa, to ta yaya matar ɗansa za ta riƙa hura wuta tana kai masa ruwan wanka bayi? Gara sanyin ya kashe shi, in ji shi.

Abin da ya shawo kansa wani tsohon tanki ne da na tarar maƙale a bangon bayin gidan da nake haya, mai dumama ruwa da kuran, wato wutar lantarki. Na kai Baba wurin, na murɗa robine ruwa ya zubo, ya tara hannu. Ya daɗe bai janye ba.

"To," ya ce, "in dai ba sai na roƙi kowa ba, na zauna."

Ya zauna ɗin kuwa. Ya shiga wankansa lokacin da ya ga dama, ba wanda ya sani. Har kumatu ya fara yi.

Sai dai tankin yana ɗiga. Ƙarƙashinsa akwai wani ɗan gajeren tiyo, ɗis, ɗis, duk sa'ad da ruwan ke ɗaukar zafi. Ni kuwa na tashi inda igiyar guga ke cinye tafin hannun mata, ganin ruwa na zuba a banza yana ci mani rai. Baba ya ajiye butarsa a wurin, kafin azahar ta cika ya yi alwala.

"Bar shi," ya ce mani. "Mi ya tsare maka?"

Matata ta ce in kira mai gyara. Na ce haba, a kan ɗigo ɗaya? Ni da nake koya wa ƴan lakwal ilimin kimiyya?

Wata Asabar na yanko robar cikin tayar keke na naɗe bakin tam, yadda muke yi wa kowane tiyo. Ɗigon ya ɗan huta, ya ci gaba. Raina ya ɓaci. Na shiga kasuwa na samo murfin ƙarfe, na naɗa masa zaren rama, na ɗaure da kile, wato sufana, har jijiyar wuyana ta tashi. Tsit! Wallahi har matata na kira ta zo ta gani, ina ta cika baki.

Ran Talata da hantsi ina cikin aji ta buga mani waya. Na iske tsakar gida cike da ruwa yana tururi, tankin ya tsage ta gindi, Baba na zaune bisa kujera ya tattare ƙafafu. Allah Ya tsare ba ya cikin bayin. Mai gyaran da na ƙi kira ya zo, ya dubi murfina, ya dube ni.

"Malam, wa ya sa wannan?"

Ya nuna tiyon da na toshe, ya ci gaba.

"Ai ba lalacewa ya yi ba. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake, ta nan yake ragewa. An toshe, ina zai bi?"

Ya ce tsatsa ta cinye tankin, ba ya ɗaukar walda, sabo kuma sai an sauto daga Maradi.

Washegari matata ta dafa ruwa ta ajiye bakin bayi. Baba ya bar shi nan har ya huce. Na dafa da kaina na kai, ya ce ko na mai da shi jinjiri ne. Kwana na huɗu na gan shi tsugune zai yi alwala da ruwan randa, butar ta suɓuce daga yatsunsa sau biyu. Haushin kaina ya taso, na juye masa.

"Baba, don Allah wane irin taurin kai ne wannan!"

Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga masa murya ba. Da gari ya waye ya naɗe bargonsa ya ce in kai shi tasha. Na roƙe shi har da hawaye, ya ce gida na son dubawa.

Bayan makonni sabon tanki ya iso, na hau babur na je Kona ɗauko shi. Na same shi zaune a rana, ya rame, hannayensa cikin hammata. Ya sa mani albarka, ya tambayi mutanen gidana, ya ce sai ɗari ya wuce. Ɗarin ya wuce, shi ma bai daɗe ba.

Na sani ajali ne. Amma ni na riƙe kilen nan, ni na ɗaure, kuma wannan baƙin cikin ba ya barina.

Sabon ma yana ɗiga. Butar Baba tana nan inda ya bar ta, ita na tara. Kafin azahar ta cika, in ɗauka in juye a gindin itacen bedi, in mayar.