Ranar da Dada Ta Yi Mini Jagora

Tun da aka ce ina da ciwon suga hankalina bai sake kwanciya ba. Ba sugan nake tsoro ba, idona nake ji. Ciwon nan shi ya cinye idon Dada, mahaifiyata, ina kallo, har ta daina bambance rana da inuwa. Ni kuwa malamar firamare ce a Barade. In ido ya tafi, da me zan duba aikin yara?

Na ce wa Dada zan leƙa kasuwa, na tari keke napep na nufi asibitin ido ni kaɗai. To wa zan gaya wa? Ni ce 'yar farinta, mu kuma Fulani ne. Ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" nake a bakinta har na fara furfura. Ko da ta makance, ƙannena ke riƙe mata hannu. In na miƙa nawa, sai ta lalubi bango.

Nas ɗin da ta karɓe ni 'yar Mumuye ce mai fara'a. "Mama, ka ɗaga kai," ta ce da irin tata Hausar, ta ɗiga mini magani a ido biyu. Kai! Raɗaɗi kamar ruwan sabulu ya shiga. Na ce, "Baiwar Allah, gyara na zo ko ƙarasawa?" Ta yi dariya, ta ce ramin nan na tsakiyar baƙin ido yana da 'yar tsoka da ke tsuke shi kamar zariyar wando. Maganin zai sa ta saki, ramin ya buɗe, likita ya hango har bayan ido. Tsokar da ke taimaka wa ganin kusa ma za ta yi barci, kada in tsorata, kafin gobe zai sake ni.

Kada in tsorata, wai! Aka ce mu rufe ido mu jira a kan benci. Wallahi na kasa. In rufe, in buɗe, in miƙe, in zauna. Wani dattijo daga Iware da ke gefena ya ce, "Hajiya, bencin nan ba naki ke kaɗai ba ne." Na ciro waya in kira ƙanena ya zo, rubutun ya narke, ko harafi ɗaya ban iya karantawa ba. Haka Dada ta fara, da kasa zura zare a allura.

Likita ya dallara mini fitila har hawaye suka zubo. Ya ce ƙananan jijiyoyin jinin bayan idon sun fara yoyo, amma an tare abin da wuri, in na riƙe magani da abinci, na kuma riƙa zuwa. Na ji "da wuri", amma "sun fara" ne ya zauna mini a ƙirji.

Da na fito, rana ta soke ni. Titin Jalingo fari fat, gilashin kowace mota wuƙa. Na ja mayafi na rufe fuska, na faɗa keken farko ban ko tambayi inda ya nufa ba, sai da muka yi gardama da direban kafin ya juya.

Ina shiga gida na yi tuntuɓe da bokiti. Dada na kan tabarma a gindin mangwaro.

"Ke. An ɗiga miki maganin nan ko?"

"Kasuwa na je, Dada."

"Kasuwar da ake dawowa ana harbin bokiti? Me suka gani?"

Na ce, "Sun ce ya fara. Amma an tare shi da wuri."

Sai na ji ta miƙe, takunta na matsowa. Ta lalubo kafaɗata, ta gangaro ta kama wuyan hannuna. Tafinta da kaushi, da ɗumi. Ban san haka yake ba.

"Rufe idon," ta ce, "rana ƙara masa zafi take. Ni na san hanya."

Na rufe. Ta ja ni muka wuce rijiya, muka kauce wa turmi, har cikin ɗakinta mai duhu. Ta zaunar da ni a bakin gado, ta zauna kusa da ni. Har aka kira la'asar ba ta saki hannuna ba.