Goggo Tela da Haushin Birki

Shagon Goggo Tela ɗaki ne guda mai kallon titi, a bayansa akwai ɗan tsakar gida da ɗakin kwana. A nan aka kawo ta amarya, a nan ta yaye 'ya'yanta, a nan gashinta ya yi fari tana taka keken ɗinki ɗaya, baƙi, wanda fentinsa ya goge daidai inda tafin hannunta ke sauka. Ba ta taɓa rataya allo a ƙofa ba. Duk wanda wandonsa ya yage ya san hanya.

Mijinta direban babbar mota ne, kowa Direba yake ce masa. Mutum ne mai kwaso abin da ya tsinta a hanya: tsohuwar fitila, kujera mai ƙafa uku, tukunyar fure da bakinta ya karye. Wata rana ya shigo da ɗan kwikwiyo a cikin kwali. Ya ce a tsakiyar titi ya gan shi, ya taka birki har kaya suka zame a baya, saboda haka sunansa Birki.

"Ka dai kawo mini aiki," in ji Goggo.

"Aboki na kawo miki. Ni kullum ina hanya."

"Abokin da zai cinye mini yadin mutane."

Bai ci yadin kowa ba. Direba ya nuna masa iyakarsa, wato labulen da ya raba shago da tsakar gida, kuma bai taɓa tsallakewa ba. Ya girma ya zama ja, kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Direba ne ke yi masa wanka, shi ke cire masa kaska, shi ke kai shi allura. Goggo nata zuba abinci ne kawai, tana yi tana mita.

Da Direba ya kwanta ciwon da bai tashi ba, aka yi zaman makoki aka watse, sai Birki ya tare a gindin labulen nan. Duk wanda ya tako ƙofar shago, sai ya miƙe ya leƙo. In ya ga ba wanda yake jira ba ne, sai ya ɓarke da haushi.

Goggo ba ta iya tsawa ba, ba ta kuma iya duka ba. Abin da take da shi burodi ne, ragowar na shayin safe, da take ajiyewa a aljihun keke tare da allurai da alli. In haushin ya ishe ta, ga mutum tsaye yana jiran a gwada shi, sai ta gutsura ta jefa ta ƙarƙashin labule. Nan take Birki ya yi shiru. Ta ga dabarar tana aiki, ta riƙe ta.

Sai dai haushin ƙaruwa ya riƙa yi. Da can sai an shigo, yanzu ko inuwa ce ta gifta ta ƙofa. Mata suka koma tsayawa a bakin titi suna miƙo ɗinki daga nesa, wasu suka daina zuwa. Mai jegon da ke ɗakin kusa ta ce jaririnta ba ya samun barci. Maganar ta kai kunnen mai gidan haya, dattijo mai sanda da ƙarancin magana. Ya zo ya tsaya daga waje, Birki na ta yi a ciki.

"Goggo, ni da marigayi mun yi zaman mutunci," in ji shi. "Amma 'yan haya sun dame ni. In na sake zagayowa na tarar da wannan hayaniyar, sai dai ki nema masa wani wuri."

"To, ranka ya daɗe."

Auta, 'yarta da ke aure a can ƙarshen gari, ta zo da mafita. Akwai mai gadin wani gareji da ke neman kare, zai ɗaure shi da sarƙa a bakin get, ya yi ta haushinsa.

"Umma, ke da ba ki ma son kare."

"Ban ce ina son shi ba."

"To, me ya rage?"

Goggo ta ciji zare ta ɗaura wani. A daidai lokacin wata babbar mota ta wuce a titi, gilashin taga ya yi rawa. Birki ya ɗaga kai. Auta ta lura ba shi kaɗai ya ɗaga ba, har da uwarta, sai ta bar maganar.

Mai aski ne, wanda shagonsa ke jingine da nata, ya warware abin ba da niyya ba. Ya shigo a ɗinke masa aljihun riga, Birki ya yi ta haushi, Goggo ta ja aljihun keke ta jefa burodi.

"Goggo, ni ma ki ɗauke ni wannan aikin mana," in ji mai aski. "In yi ihu, ki ba ni burodi. Wallahi tun da safe zan fara, har shayi zan nema."

"Tafi can, maras kunya."

Ta yi dariya, ta ɗinke aljihun, ya tafi. Amma ƙafarta ba ta koma kan keke ba. Ta daɗe tana kallon ɓarɓashin burodi a ƙasa. Ashe duk watannin nan ita ce ke koya masa. Shi a wurinsa lissafin a fili yake: mutum ya zo, a yi haushi, burodi ya faɗo. Kare mai biyayya ne, abin da aka nuna masa shi yake yi.

Washegari ta ciro tsohuwar rigar sanyin Direba, ta cusa mata ƙyallaye, ta ɗinke bakin, ta shimfiɗa a tsakar gida inda za ta iya hangowa in ta ɗage labule. Ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara, ta ɗora gutsuren burodi a kai.

"Wurinka," ta ce a hankali.

Ya zo ya shinshina rigar, ya daɗe yana shinshinawa, sannan ya ci. Ta sake. Duk sanda ƙafafunsa suka hau shimfiɗar, sai burodi da "yawwa". In bai hau ba, babu faɗa, babu komai, sai ta jira. Wannan bai yi wuya ba, cikin 'yan kwanaki ya gane.

Mai wuyar ita ce ƙofa. Ta roƙi mai aski, in ba shi da kan da yake aski, ya riƙa zuwa yana sallama kamar baƙo.

"Yau kuma ni ne ɗan makarantar ko shi?"

"Ku biyu ne. Shi dai ya fi ka ganewa."

Ranar farko Birki ya yi haushi, burodi bai faɗo ba. Ya dube ta, ya ƙara murya. Ya yi har mai jego ta buga bango. Goggo ta tsinci hannunta a cikin aljihun keke, ya riga ya gutsura, ba ta san sanda ya je ba. Ta mayar. Daga ranar ta ɗauke burodin ta kai kan wata kantar ajiye kaya mai nisa, in haushi ya tashi kuma sai ta zauna a kan tafin hannunta. Ta gaya wa Auta cewa karen bai ba ta wahala kamar hannun nan ba.

Tana jira har ya tsaya jan numfashi. A wannan ɗan shirun take cewa, "Wurinka." In ya je, sai ta tashi ta kai masa da kanta, ta shafa bayan kunnen nan da ke kwance. Da fari shafar ta aiki ce. Daga baya hannun ya riƙa daɗewa.

Akwai ranakun da kamar ba a taɓa koya masa komai ba. Wani mai gyaran wuta ya shigo da tsani ba sallama, aikin mako ya rushe. Auta ta ce a nemo bulala, sau ɗaya tak zai ji a jikinsa.

"Babanku bai taɓa dukansa ba. Kuma ba shi ya yi kuskuren ba."

Ta fara fita da shi da yamma in ta rufe shago, da igiyar da ta yi masa da ragowar yadin katifa. Ta lura ranar da suka zagaya har bayan makaranta ya fi natsuwa washegari, ita ma ƙafarta ta fi sauƙi. Ta koyi cire kaska da ɗan hantsakin cire zare. Ta yi masa wanka a baho, ya girgiza ya jiƙa ta har ɗankwali, mai aski na leƙe ta katanga yana cewa ango ya sha ƙamshi. Mata suka fara shigowa ciki kuma. Mai jego ta daina buga bango, har ta kawo a rage wa jariri riga.

Mai gidan haya bai aiko zai zo ba. Da hantsi ne, Goggo na tsakiyar haɗa hannun riga, sai ta ji ƙarar sanda a bakin ƙofa. Birki ya miƙe ya leƙo ta gefen labule. Ya yi haushi sau ɗaya, mai kauri. Goggo ta ɗauke ƙafa daga kan keke. Karen ya dubi dattijon, ya dube ta, sannan ya juya da kansa ya je ya kwanta a shimfiɗarsa, ya ɗora haɓa a kan ƙafafu yana jira.

Dattijon ya shigo, abin da bai yi ba wancan zuwan. Ya zauna a bencin masu jira, ya tambayi lafiyar yara, ya yi maganar tsadar siminti da rufin da ke yoyo a ɗakin baya. Goggo na amsawa, kunnenta na tsakar gida. Shiru. Da ya tashi tafiya, ya ɗage labulen da kan sandarsa ya duba. Birki ya kaɗa wutsiya sau biyu, bai tashi ba.

"Ƙyauren bayan nan ya ruɓe daga ƙasa," in ji dattijon. "Zan turo kafinta. Kar wata rana ya zura kai ya fita titi, motoci ba su da hankali."

"Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe."

Ta raka shi bakin ƙofa, ta dawo ta zauna a keke. Ɗinkin ya tafi a karkace. Ta bar shi haka, ta tashi ta ɗauko burodin gaba ɗaya daga kan kantar nan, ta je ta zauna a ƙasa kusa da shi. Ta gutsura ta ba shi, ta gutsura ta ci.