Mai Gyaran Takalmin da Ya Rasa Inuwa

Rigima ɗaya mai gyaran takalmin nan na tasha ya taɓa yi, ita ma ya sha kaye. Wani direba ne ya ajiye mota a gindin bishiyarsa. Tsohon ya ce inuwar tasa ce shekara ashirin, direba ya ce, "To Baba, naɗe abarka ka tafi da ita." Tun ranar a cikin rana yake zama. Mai sayar da lemo ce ta ba ni labarin ina jiran mota ta cika.

Ga shi nan ɗan tsamurmuri, wuya kamar na jiƙaƙƙen zakara, basilla a baki, tabarau ɗaure da zare. Ina jin ko a gida matarsa ke cinye gardama.

Sai ga direban yana ɗingishi, takalmi ya yage, fasinja na jira. Tsohon ya tura masa silifas kada ƙasa ta ƙona shi. Ɗinki bibbiyu yake yi, yana shafa cikin takalmin da yatsa ko akwai abin da zai soki direban.

Na ce, "Malam, da ni ce, ƙusa ɗaya zan bari a ciki. Ko ka manta ne?"

Ya cire basilla daga baki. "Ban manta ba, Hajiya, rana na tuna min kullum. Amma an kusa kiran salla, ni ma gafara zan je roƙo. Da wace fuska zan ɗaga hannu?"