Aikin da Datti Ya Kawo wa Rabi'u

Duk wanda ya zauna a Kurmin Mashi a 'yan shekarun nan ya san shagon Rabi'u, ko da bai taɓa shiga ba. Ɗan ɗaki ne tsakanin tela da mai cajin waya, da koren labule a ƙofa, da ƙaramin janareta ɗaure da sarƙa a jikin turken rumfa. A ciki akwai kwamfuta biyu da firinta, sai dogon benci da ɗalibai ke cikawa har wasu su tsaya a waje.

Asalinsa mutumin Funtuwa ne. Mahaifinsa direban tifa ne, ya kawo su Kaduna tun Rabi'u yana ƙarami saboda aikin yashi ya fi tafiya a nan. Yaron ya tashi kansa yana ja. Ya samu gurbi a babbar makaranta ya fara karatun kwamfuta, amma kafin ya gama Allah ya yi wa mahaifin rasuwa a kan hanya. Ga uwa, ga ƙanne, sai ya ajiye karatun da niyyar komawa. Bai koma ba. Abokan ajinsa ne suka fara kawo masa aikin da malamai ke ba su, yana yi musu suna ba shi na sabulu, daga nan abin ya zama sana'a.

Ba na kwamfuta kaɗai yake yi ba. Masu karatun akanta su kawo masa lissafin kamfanin da babu shi a duniya ya daidaita musu. Masu karatun kasuwanci su ce ya tsara musu yadda ake buɗe gidan burodi. Masu karatun halayyar ɗan Adam su ce ya bayyana musu abin da ke sa yaro ƙin makaranta. Rabi'u ya karanta, ya bincika, ya rubuta, ya canza wa kowa salo don kada malami ya gane hannu ɗaya ne. Matarsa Hassana takan tsokane shi ta ce ya yi digiri ba adadi, amma duk da sunan wasu. Yakan yi dariya, ko da yake maganar takan ɗan zauna masa a rai. Ban da ɗalibai, mutanen unguwa ma wurinsa suke zuwa, ya cika musu takardar neman aiki ko ta tallafi, ya karanta wa tsofaffi saƙon waya.

Sai zamani ya juya. Ɗalibai suka gano manhajar da ake rubuta wa tambaya a waya ta zubo amsa nan take. Benci ya fara zama fayau. Rabi'u ya koma wuni yana korar ƙuda, in an samu mai fotokwafi a gode wa Allah. Ga 'yarsu Aziza ta shiga firamare.

A cikin wannan hali Datti ya zo. Da damina ne, ana yayyafi. Mutum ne mai matsakaicin shekaru, cikin shadda ruwan toka, yana ƙamshin turare, maganarsa a hankali kamar mai gudun tada barci. Ya ajiye motarsa can bakin titi ya tako da ƙafa.

"Kai ne Malam Rabi'u? An ba ni labarinka sosai."

"Ni ne, ranka ya daɗe. Bismillah, ga wuri."

Ya ce sunansa Datti, ma'aikaci ne, yana zaune a Unguwar Rimi, yana karatun ƙarshen mako don neman ƙarin girma a ofis, amma aiki ba ya barinsa ya zauna ya yi abin da malamai suka bayar. Aikin farko na akanta ne, yadda kamfani mai rassa da yawa zai rarraba abin da ya shigo masa a asusu daban-daban. Rabi'u ya yi, Datti ya biya ba tare da neman ragi ba. Ranar Hassana ta dafa shinkafa da kaza.

Datti ya dawo da na kasuwanci, yadda za a raba wa ma'aikatan amsa waya lokutan aiki. Ya sake dawowa da na kwamfuta: a rubuta manhajar da za ta ɗauki lambobin waya masu yawa, ta saka sunan kowa a cikin saƙo, ta tura.

"Alhaji, wane sashe ne wannan da ake haɗa muku komai da komai?" in ji Rabi'u.

Datti ya yi murmushi. "Sabon kwas ne. Ka san su da ƙirƙire-ƙirƙire."

Akwai abubuwan da Rabi'u ya lura da su ya kau da kai. Datti bai taɓa kawo takarda mai sunan makaranta ba, da baki yake faɗin tambaya. Bai taɓa ambaton sunan malami ba. In aka zo bangon gaba, inda ake sa suna da lambar ɗalibi, sai ya ce a bari shi zai sa. Kuma yana son zuwa dab da la'asar. In an kira salla sai ya ce, "Je ka, Malam, ni sai na koma gida zan yi tawa. Bari in zauna a ɗaya kwamfutar in duba wani abu." Rabi'u ya tafi masallaci ya bar shi.

Aikin halayyar ɗan Adam ne ya zo daga baya. Datti ya gyara zama ya ce malaminsu yana son misalin saƙon da zai sa uwa ta yanke shawara cikin gaggawa, ba tare da ta tsaya tambayar kowa ba, sannan a bayyana dalilin da ya sa yake tasiri.

"Da Hausa yake so. Na gwada abin nan na waya, Hausarsa ba ta da rai. Kai nake so ka rubuta, irin wadda mace za ta ji har cikin hanjinta."

Rabi'u ya ji daɗin yabon. Ya zauna ya tuna ranar da yaron motar mahaifinsa ya shigo gidansu da labarin hatsari, da yadda ya tsuguna gaban mahaifiyarsu, da abin da ya fara fitowa daga bakinsa. Maganar yaron motar ce ya rubuta: Mama, ki daure, yana numfashi. Ya ƙara da cewa wayar ɗan ta fashe kada a kira, likita yana jiran a turo kuɗi, kada a gaya wa kowa tukuna don kada hankalin gida ya tashi. Datti ya karanta har ƙarshe. Sannan ya ɗago ya dubi Rabi'u da wani irin kallo, kamar mai sayen rago ya samu wanda yake so.

"Allah ya yi maka baiwa," in ji shi.

Damina ta yi nisa. Wata safiya Rabi'u yana share gaban shago sai ga Inna Larai, tsohuwar da ke bayan layinsu, ta taho mayafi a karkace, takalmi wari da wari. Ɗanta Habibu direban babbar mota ne, shi ke riƙe da ita. Rabi'u ne ya taɓa cika mata takardar tallafin tsofaffi, ya rubuta sunan Habibu a matsayin magajinta.

"Rabi'u ɗana, duba mini. Jikata ta karanta mini, amma ban yarda da karatunta ba. Wai Habibu ne. Wurin mai POS za ni in tura kuɗin, na ce bari in biyo."

Ta miƙa masa wayar. Ya duba. Mama Larai, ki daure, Habibu yana numfashi. Ya karanta har ƙasa, ban da sunayen da aka saka babu kalmar da aka canza, har waƙafin da ya sa yana nan inda ya sa shi. Ya ji tsintsiyar ta faɗi daga hannunsa.

"Inna, zauna. Ƙarya ce. Bari in kira shi."

Habibu ya ɗauka a bugun farko, yana wurin mai shayi a Tafa, lafiyarsa ƙalau. Inna Larai ta ji muryar ɗanta, ta buɗe baki za ta yi hamdala, sai bakin ya karkace. Ta sulale daga kan benci. A Keke Napep aka kai ta asibiti, aka ce jininta ne ya hau, ɓarin jikinta ya shanye.

Da Rabi'u ya dawo shago ya zauna gaban kwamfuta ta biyu. A cikinta yake ajiye duk takardun da ya cika wa mutanen unguwa, da sunayensu da lambobinsu da sunayen 'ya'yansu. Sai a lokacin ya gane abin da Datti ke dubawa in ya tafi masallaci. Kafin mako ya fita ya ji labarin wasu mata biyu a Unguwar Kanawa da saƙon ya iske, ɗaya har ta sayar da 'yan kunnenta.

Datti ya zo ranar Laraba kamar kullum, ya yi sallama, ya zauna, ya ce akwai sabon aiki, wannan karon saƙon na iyaye maza ne.

"Ba zan yi ba," in ji Rabi'u. Muryarsa ta fito ƙasa da yadda ya so. "Na ga inda aikin yake zuwa. Tsohuwa tana kwance a asibiti."

"Allah ya ba ta lafiya." Datti ya ciro hankici ya goge gilashinsa a nutse. "Malam Rabi'u, ni ban iya rubuta manhaja ba. Hausar ma ban iya irin taka ba. In aka bincika, a kwamfutar wa aka rubuta? Sunayen daga shagon wa suka fito?"

Rabi'u ya juya ya dubi kwamfutarsa.

"Ka yi tunani, ba gaggawa." Datti ya miƙe, ya kai bakin labule, sannan ya juyo. "Af, na ga Aziza jiya an taso su. Ita kaɗai take tsallaka titin nan? Ka riƙa sa ana raka ta. Gari ya lalace."

Ya fita. Ƙamshin turarensa ya daɗe a shagon.

Rabi'u ya rufe shago tun rana tana sama, ya je makaranta ya ɗauko 'yarsa da kansa. A gida ya zaunar da Hassana ya gaya mata komai. 

"Abban Aziza, tun ranar da ka ce ba ya neman ragi raina bai kwanta ba. Amma ni ma na ci kazar." Ta share ido da bakin zani. "In ka yi masa na biyu, ba za ka ƙara fita daga hannunsa ba. Kira Yaya Ja'afaru."

Ja'afaru wanta ne, malamin makaranta a Unguwar Kanawa. Shi ya sa Hassana da Aziza a motar Funtuwa da sassafe, sannan ya raka Rabi'u ofishin 'yan sanda, kwamfutocin biyu a kan cinyarsu cikin Keke. Rabi'u ya faɗi abin da ya sani. Sai da ya fara faɗa ya ga ƙanƙantarsa: suna ɗaya, unguwa ɗaya, lambar waya da ta daina shiga, motar da bai taɓa duba lambarta ba. Aka riƙe shi kwanaki, aka yi ta maimaita masa tambayoyi, daga baya aka ba Ja'afaru belinsa. Kwamfutocin suna can. A Unguwar Rimi babu mai gadin da ya san wani Datti mai irin wannan kama.

Labari ya bazu a Kurmin Mashi, kowa da irin nasa. Wasu suka ce an yaudare shi, wasu suka ce da shi aka haɗa baki, da aka saɓa wajen rabo ne ya kai ƙara. Wanda ya ba shi hayar shagon ya karɓi makullinsa. Habibu ya dawo ya tsaya jinyar mahaifiyarsa, in sun haɗu da Rabi'u a masallaci yakan amsa sallama, amma ba ya miƙa hannu. Inna Larai ta fara takawa da sanda. Ba a gaya mata komai ba, don haka in ta hango shi takan ɗaga hannunta mai lafiya ta sa masa albarka da harshen da ba ya fita sosai, tana cewa shi ya cece ta. Rabi'u yakan durƙusa ya ce amin.

Ja'afaru ya samo masa koyar da kwamfuta a wata ƙaramar makarantar kuɗi, yana nuna wa yara yadda ake kunnawa da kashewa. Wani ɗalibi ya taɓa biyo shi har can da aikin akanta, Rabi'u ya ce masa shi ya bar wannan sana'a. Ya canza layin waya. Ba a jima ba aka fara kiran sabon layin da ɓoyayyar lamba, yawanci da tsakar rana yana cikin aji. In ya ɗauka ba a magana, sai ƙarar motoci daga nesa da numfashin mutum, sannan a kashe. Ya gaya wa 'yan sanda, suka ce ya ci gaba da sanar da su.

Hassana tana kira daga Funtuwa kullum bayan magariba. Aziza ta karɓi wayar ta ba shi labarin sabuwar makarantarta, da akuyar kakarta da ta haihu. Daga ƙarshe Hassana ta karɓa ta tambaye shi yaushe za su dawo. Da farko ya ce bayan ƙaramar Salla, da ta wuce ya ce bayan babba. Ita ma ta wuce, har yanzu bai ce su taho ba.