Baffa Tanko da Tauraron da Bai San Kacala Ba

Duk wanda ya zauna a ƙauyenmu na gefen Kura ya san ranar farar rigar Baffa Tanko. Kowane kwana goma sha shida, da hantsi, zai sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya kafa hula, ya je bakin gonarsa ya tsaya ƙiƙam yana kallon sama. Kun sha yi masa dariya, to yau ku ji, ni na jawo.

Lokacin ina digiri na biyu a Zariya, ina koyon zana taswirar gonaki daga hotunan tauraron ɗan'adam. Na yi suɓul da baka na gaya masa tauraron yakan bi ta kanmu duk kwana goma sha shida, wajen ƙarfe goma. Shi ke nan! Na ce, "Baffa, ba fa zai gan ka ba. Ɗigo ɗaya a hoton ya fi faɗin gidanka."

Ya ce, "Uwani, baƙo zai wuce ta ƙofar gonata. In bai gaishe ni ba, rashin tarbiyyarsa ce. Ni dai ba zai same ni da tsumma ba."

Mutumin da ya shekara talatin yana buɗe ƙofofin ruwan kanal yana rufewa, ba ya hawa acaɓa, wai ƙafa ce ke karanta ƙasa. Ranar da na zo da na'urar GPS na ɗaga ta sama muna jira, ya gaji ya tambayi abin da take yi. Na ce taurari take nema, su gaya mata inda muke.

"Da rana tsaka? Kai jama'a! Ai ki tambaye ni. Muna bayan gonar Audu Gurgu, taku arba'in daga kwalbati. Abin da sai ya tambayi sama kafin ya san inda yake tsaye, wannan ba abokin tafiya ba ne."

Da na'urar ta farfaɗo na auna. Wallahi taku arba'in ne, har da ɗan ɗingishin Baffa.

Amma abin da ya sa har gobe nake jin nauyinsa shi ne na taswira. Saura mako uku in kare aikina a gaban malamai, shekara biyu ina fama, kuma an riga an ce ba ƙarin lokaci. Na zo gida da taswirar ina taƙama, na shimfiɗa masa a tabarma, na nuna masa yadda shinkafar rani ta mamaye wajen Bunkure. Ya juya takardar sama ta koma ƙasa, ya bi kanal da ɗan yatsa, ya tsaya a kan wani dogon kore.

"Wa ya ce miki wannan shinkafa ce?"

"Kwamfuta, Baffa."

"To ki gaishe ta. Kacala ce."

Na yi musu, na kawo Turanci, na kawo lissafi. Washegari ya sa ni gaba, muka yi tafiyar da har yau ƙafata ba ta yafe ba. Muka isa wurin, sai ga ciyawar nan mai cinye hanyar ruwa ta fi ni tsawo, ko ƙwayar shinkafa babu. Na zauna a bakin kanal na fashe da kuka, don kusan kashi ɗaya cikin uku na "shinkafata" ke nan, kuma ban san yadda zan raba su a hoto ba, korensu iri ɗaya ne.

Ya bar ni na yi mai isata, yana ta ɓare gyaɗa. Sannan ya ce, "Ke da tauraronki duk ba ku taɓa noma ba. Shinkafa tana da mai ita, ana yanke ta. Kacala wa zai yanka? Ki nemo hoton bayan girbi. Duk abin da ya rage kore a bakin ruwa, marainiya ce."

Na daina kukan ina kallonsa baki buɗe. Abin da na yi wata shida ina nema a littattafai ke nan.

Bai tsaya nan ba. Hotona na shekara uku baya ne, ba yadda zan tabbatar da abin da aka shuka a lokacin. Kwana tara muna zagaya gonaki yana faɗa mini da ka: nan albasa ce, shekarar da ruwa ya fasa gaɓa, can tumatir, amma tsutsa ta cinye, wancan alkama. Duk manomin da muka tambaya sai ya ce haka ne, wani ma sai da Baffa ya tuna masa.

Ranar kare aikin, baƙon farfesa ya yaba dabarar hoto biyun, ya tambayi a wace mujallar bincike na samo ta. Na ce a wurin baffana. Aka kwashe da dariya, ni kuwa ban yi ba. Na ci, na dawo da gudu in gaya masa. Ya saurara, ya ce, "Madalla. Yanzu su da suka gani a takarda, yaushe za su zo su cire kacalar?"

Bai kai damina biyu ba bayan nan Allah ya yi masa rasuwa. Yau hotunan da nake aiki da su sun fi na da kyau nesa ba kusa ba, amma in na ga kore ban gane ba, babu wanda zan kai wa a tabarma. Ina kewarsa ƙwarai.

Allah ya jiƙan Baffa Tanko, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya shayar da gonakin mutane bai taɓa hana kowa rabonsa ba, Allah ya shayar da shi daga Alkausara. Amin.