Garba, Masuncin da Ya Ji Tsoron Teku

Shekara tara ke nan da muka binne abokina Garba a Kalgo. Ya cika a ɗakinsa, a kan shimfiɗarsa, bayan gajeruwar jinya. Da aka zo mini da labari a Gwandu, bayan salati abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne godiya ga Allah da ya sa ƙasa ce ta karɓe shi.

Muna samari neman abinci ya kai mu Dakar. A can wani Bature ya ɗauke mu aiki a jirginsa mai tafiya da iska, za a tsallaka teku zuwa Barazil. Ni ne mai dafa abinci, Garba mai jan igiyoyi. Ni ɗan makiyaya ne, ban san ruwan da ya wuce mashayar shanu ba. Shi kuwa a cikin kwalekwale ya girma, don haka na sa a raina cewa muddin yana nan ba abin da zai same ni.

Zaman jirgi azaba ce ƙanana-ƙanana. Tukunya sai an ɗaure ta a kan murhu, duk da haka ta taɓa kifewa a ƙafata, tabon yana nan. Ka fuskanci alƙibla ka kabbarta, kafin ka yi ruku'u jirgi ya juya da kai. A zaune muke salla, igiya a ƙugu. Tankin ruwan sha ya tsage gishiri ya shiga, muka koma tarar ruwan sama da ƙyallen jirgi. Leɓunanmu suka farfashe. Ko ina ka duba, babu itace, babu tsuntsu, babu hayaƙin gari.

Wata rana da hantsi igiya ta sarƙe katakon da ke juya jirgin a ƙarƙashin ruwa. Jirgi ya ƙi jin sitiyari, ya ba taguwar ruwa haƙarƙarinsa, kowace ta zo sai ta kwantar da mu. Baturen ya riga ya karye a hannu. Dole wani ya nutsa da wuƙa. Garba ya ɗaura igiya a ƙirji ya miƙo mini bakinta.

"Bello, wanga ruwa ba ya da ƙasa," in ji shi. "Tsoro nike ji. Kada ka saki."

Ban taɓa jin maganar da ta kashe mini jiki kamar wannan ba. Ya nutsa. Igiya tana zamewa tana yanka tafina, ina kallon shuɗin da ba ya nuna komai, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ya taso ya shaƙi iska, ya sake komawa. Da na jawo shi a ƙarshe, ya yanke igiyar da ta sarƙe, amma kansa ya fashe inda ƙasan jirgi ya buge shi. Ya kwanta yana amai yana kuka kamar yaro, ni ma na taya shi kukan.

Bana babban ɗan Garba, Nasiru, ya same ni da waya a hannu, yana nuna mini samari cunkushe a kwalekwalen roba, wai Turai suka nufa, shi ma yana son bin su. "Baffa, ai Baba ma ya tsallaka," ya ce. Tun ranar barcina bai cika ba. Me Garba zai ce da wannan zamani, da ake kallon teku a tafin hannu a ɗauka an san ta? Gani ya kori ji, amma hoto ba gani ba ne. Na san ba zai yi wa yaron tsawa ba. Zai zaunar da shi ya ba shi labarin da bai yi masa ado ba. Haka na yi. Nasiru ya saurara har ƙarshe, ya yi sallama ya tafi, bai ce ya fasa ba.

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Garba ya kawo tsoronsa har gida, ya faɗe shi a gaban 'ya'yansa da maƙwabtansa bai ji kunya ba. Bai bar gona mai yawa ba, bai bar suna a wajen Kalgo ba. Gaskiyar nan ita ce gadonsa, kuma ita kaɗai nake da ita da zan tare ɗansa. Allah ya jiƙan Garba, ya sa ta isa.