Ƙafarka Ba Ta Zame Ba

Ranar Talata, tara ga watan Maris, ina tsugune a maƙera ina gyaran bakin wata fartanya, sai maƙwabcinka mai gyaran keke ya tsaya a bakin rumfa, ko sallama bai iya yi ba, ya ce Allah Ya yi wa maharbi rasuwa bayan sallar azahar. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Na bar fartanyar mutane a wuta har ta ƙone, ban sani ba.

Yaya, shekara talatin da ɗaya garin nan yana kiranka Santsi. Manya suna cewa Santsi, jikokinka suna cewa Baba Santsi, kai kuma kana amsawa da dariya. Har a wajen jana'izarka na ji wani yana cewa, Allah Ya jiƙan Santsi. Ni da hannuna ya fi sabawa da masaba na ɗauki alƙalami yau don in cire maka sunan nan, domin ni na jawo maka shi, kuma ba na so a binne ni da wannan magana a ciki.

Amma bari in fara da wanda ka kasance, saboda yaran yanzu gurgun tsoho kawai suka sani, mai zama a bakin maƙerata yana shan inuwa.

Kai ne shugaban maharban garinmu tun ba ka cika arba'in ba. Ba ka taɓa riƙe bindiga ba. Cewa kake yi bindiga tana kashe abin da mutum bai gama gani ba, mashi kuwa sai ka matso har ka ji numfashin dabba, ka san mace ce ko namiji, ka san ko tana da ciki. Mai ciki ba ka taɓa ta, mai shayarwa ma haka. Na tuna ranar da ka dawo hannu rabbana bayan wuni guda a daji, matarka, wadda duk muke kira Gwaggo, ta tare ka a ƙofa da tukunya a hannu. Ka ce mata ka ga barewa har ka ɗaga hannu, sai ka ga ɗanta a bayanta. Gwaggo ta ce to madalla, sai ka je ka gaya wa naka 'ya'yan su ci tausayi su kwanta. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka zo ka ba ni labari, kamar ba kai aka yi wa faɗa ba.

In ka samo nama kuwa, kafin ya isa gidanka ya ragu da rabi. Akwai tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a bayan rijiya, akwai makahon da ke saƙar igiya, akwai gidanmu. Lokacin da mahaifina ya rasu ya bar mini maƙera da uwa da ƙanne biyar, zugazuginsa duk ya yayyage, iska na fita ta ko'ina sai ta inda ake so. Ban roƙe ka ba. Kai ka zo da fata biyu da ka jeme da kanka, ka jefa mini a ƙasa, ka ce, ɗinka, kunnena ya gaji da jin tarin wannan tsohon abu. Kai ne kuma mutum na farko da ya ba ni aikin mashi, a lokacin da sauran maharba ke cewa yaro ne, hannunsa bai nuna ba.

Kana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi. Duk kan mashin da na ƙera maka, kafin a sa shi a sanda, sai ka riƙe shi da yatsa biyu ka ƙwanƙwasa a uwar maƙera, ka kai kunne. In ƙarfe lafiyayye ne, ƙararsa tana daɗewa. In akwai tsaga a ciki, sai ta mutu nan take. Sau nawa ka mayar mini da aikin da na wuni a kansa, ka ce wannan bebe ne, sake. Ina zagin ka a zuci, ina sakewa.

A shekarar da abin ya faru, wani gadu, aladen dajin nan mai haure, ya addabi gonakin bakin rafi. Ya tone rogon mutane, ya farke cikin kare biyu, mata suka daina zuwa ɗiban ruwa ta wajen. Ka zo ka ce in ƙera maka mashi mai faɗi da kauri, irin wanda ake kafa gindinsa a ƙasa a jira dabba ta hau da kanta, kuma jibi kake so. Ba ni da ƙarfe guda mai wannan girman. Maimakon in faɗa maka, sai girman kai ya hana ni. Na haɗa ƙarfe biyu a wuta, na haɗe su a wuyan mashin, tsakanin ruwansa da inda sanda ke shiga. Gawayina ya yi ƙasa, wutar ba ta kai yadda ya kamata ba, ni kuma ina sauri. Da ya huce na duba, sai na ga wani siririn layi kamar gashi a mahaɗin. Na gan shi, Yaya. Ba zan ce ban gani ba.

Na shafe wurin da mai da baƙin gawayi. Sannan na yi abin da ya fi wannan muni: na sa shi a sanda tun kafin ka zo, na buga ƙusa, domin na san ƙarfen da ke jikin sanda ba ya ƙara. Da ka iso ka gan shi a jingine, ka ce, a'a, Maƙeri, yau har da hidima? Ka jijjiga shi a hannu, ka yaba nauyinsa, ka tafi. Ranar ce kaɗai ba ka ƙwanƙwasa ba.

Da la'asar aka shigo da kai a kan ƙyauren ƙofa, cinyarka ta dama a farke tun daga gwiwa. Maharban da ke tare da kai sun ce sun tarar da kai kwance, sandar mashi a gefenka ba kai, gadun ya gudu da ƙarfe a jikinsa. Da suka tambaye ka, ka ce ƙafarka ce ta zame a laka, mashin ya shiga a karkace, kan ya cire ya tafi da dabbar. Wata huɗu ka yi a kwance. Ka tashi da ɗingishi, ba gudu, ba tsalle. Maharba suka ba wani daga cikinsu, Dogo, shugabanci, domin a ganinsu wanda ƙafarsa ta zame a gaban gadu bai kamata ya ja mutane ba. Sunan Santsi a bakin Dogo ya fara, da wasa, sai ya bi gari.

Ni kuwa na yi shiru. Na san maƙerin da mashinsa ya karye a hannun maharbi ya gama aiki a gari, ko lauje ba wanda zai sake kawo masa. Na dubi uwata da ƙannena na ce saboda su ne. Ƙarya nake yi wa kaina, tsoro ne kawai. Har na riƙa lallashin zuciyata cewa wataƙila da gaske ƙafar ce ta zame, tunda kai da bakinka ka faɗa.

Ba ka bar daji ba. Ka koma kan baka da kibiya da ƙere, kana kawo zomo da zabi, kai da ka saba shigowa gari da abin da sai mutum huɗu sun ɗauka. Matasan maharba suna yi maka dariya a gaba, su zagayo ta baya su tambaye ka sawun me suka gani a bakin rafi, kuma ba ka taɓa hana su sani ba. Abin da ya fi damuna shi ne ba ka canza maƙeri ba. Kai kake jawo matasan maharban wurina. Sai dai daga shekarar nan, duk ranar da zan ƙera mashi, na kowa ne, sai ka zo ka zauna a kan kututturen nan na bakin wuta, ka ce ƙafarka tana son ɗumi. In na kai hannu zan cire ƙarfe, sai ka ce, haba, ina kake sauri, bar shi ya ƙara shan wuta. In na gama, ka karɓa ka ƙwanƙwasa. Shekara talatin ina ɗauka zaman hira kake yi.

Sau ɗaya na yi yunƙurin faɗa maka. Bayan rasuwar mahaifiyata ne, muna zaune mu biyu, na ce, Yaya, mashin nan na ranar gadu. Ba ka bari na ƙarasa ba.

"Wutarka tana mutuwa, Maƙeri. Zuga."

Na zuga. Na ji daɗin da ka katse ni, kuma ina jin kunyar wannan daɗin har yau.

Kwana uku da rasuwarka, babbar 'yarka, malamar asibiti, ta zo maƙera da tsohuwar jakar fatarka ta farauta. Ta ce a makon da jikinka ya tsananta ka sa ta ciro wani abu daga ƙasan jakar, ka ce a kawo mini hannu da hannu. Ta kwance tsumma, sai ga guntun ƙarfe, gindin mashi ne, inda sanda ke shiga, ya karye daidai wuya. Fuskar karayar baƙa ce sumul, ko makaho ya shafa zai san ƙarfen bai taɓa kamawa ba. Nan na gane abin da ka yi. Kana kwance cikin jini, gadu ya farke ka, kafin ka kira mutane sai da ka cire ƙusa, ka zare guntun nan daga sanda, ka ɓoye a jaka, sannan ka ƙirƙiro laka.

Na tambaye ta ko ka bar wani saƙo. Ta ce, "Baba Maƙeri, cewa ya yi ka mayar da shi wuta, wai wannan karon kada ka yi sauri. Ni ban gane ba."

Na zaunar da ita a kan kututturenka na gaya mata komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta daɗe tana kallon ƙarfen, sannan ta ce tun tana firamare ake ce mata 'yar Santsi, har ta taɓa yin dambe a kan haka. Ta ɗauki jakar ta tafi. Washegari na je na sami maharba a inda suke zama na maimaita musu. Dogo, wanda yanzu shi ma da sanda yake tafiya, ya sunkuyar da kai. Mutum biyu sun aiko an karɓe aikinsu daga hannuna, kuma ban ga laifinsu ba. Gwaggo tana takaba, ta bayan labule na yi mata magana. Ta ce ita ta wanke rigarka da wandonka a ranar, kuma ba ta ga laka ko ɗigo ba, amma tunda mai ƙafar ya ce santsi ne, ita wace ce.

Na cika umarninka, Yaya. Na sami ƙarfe mai kyau, na haɗa da guntun, kwana uku ina kansa, na ƙona gawayin da zai ishe ni mako. Da ya huce na riƙe shi da yatsa biyu na ƙwanƙwasa a uwar maƙera. Ya yi ƙara mai tsawo. Na juya wajen kututturen don in ga fuskarka, na manta. Mashin yana wurin 'yarka yanzu. Ta karɓa, ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban nema ba tukuna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo, da 'ya'yanka shida, da jikoki, da maharba na da da na yanzu. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa ku gaji halinsa. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in zai ambace shi ya ce maharbi, ya bar wancan sunan, in kuma lallai sai an laƙaba wa wani, ga ni nan a maƙera.

Ya Allah, bawanKa ya rufa asirin wanda ya cuce shi shekara talatin da ɗaya, Ka rufa masa nasa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ciwon da ya ɗauka a cinyarsa ya zama kaffara. Ni ma Ka yafe mini, Ka kyautata namu ƙarshen. Ranar da za a tsallaka siraɗi, Ka tabbatar da ƙafarsa. Ni shaida ne, a duniya ba ta taɓa zamewa ba.